Fiyano da rawar bale bayan shekara 40: ina laifin?

Wata Asabar aka yi suna a unguwarmu ta Zango da ke Agege. Bayan an ci tuwo da waina, hayaniya ta lafa, sai hira ta gangaro kan yarinta, kowa na faɗin abin da ta so ta zama tana ƙarama. Wannan ta ce nas, waccan ta ce mai karanta labarai a NTA. Sai wata baiwar Allah mai sayar da atamfa da leshi, wadda ta haura 40, 'ya'yanta biyu suna jami'a, ta ce ita tun tana firamare abu biyu ne suka tsaya mata a rai: fiyano da rawar bale, irin ta Turawan nan da ake tsayawa a kan yatsun ƙafa. A talabijin ɗin maƙwabta ta fara gani, kuma har yau in ta ji sautin fiyano sai wani abu ya motsa mata a ƙirji. Ta ƙara da cewa bana in Allah ya yarda za ta fara koyo.

Ɗakin ya kaure da shewa.

"Haba Yaya, tsofai-tsofai da ke?"

"Hajiya ki rufa mana asiri, kin kusa aurar da 'ya fa."

"Wannan ai aikin 'ya'yan Ikoyi ne."

Ta yi murmushi, ta gyara mayafinta, ta ce wasa take yi. Ina zaune kusa da ita, na ga yadda ta damƙe hannun jakarta. Ba wasa take yi ba.

Abin ya dame ni. Ra'ayina shi ne, babban mutum da ya sauke nauyin da ke kansa yana da haƙƙin ya koma ya ɗauko abin da ya so tun yana yaro, ko da abin ba zai kawo masa ko sisi ba, ko da ba zai taɓa zama gwani a cikinsa ba. Dariyar da muke yi wa irin waɗannan mutane kuma tana yi mana illa fiye da yadda muke zato, domin yaranmu na zaune a gefe suna ji.

Tambayar da muke yi wa yara

Ni malamar firamare ce. Makarantun kuɗi na Legas suna ware rana guda a shekara da yara ke zuwa sanye da kayan aikin da suke burin yi. Sai ka ga ɗan shekara 6 cikin farar rigar likita da ta sauko masa har ƙauri, abin awon ƙirji na roba rataye a wuya. Ga yarinya cikin baƙar rigar lauya, hular gashin nan tana zame mata kan ido. Ga sojoji, ga matuƙan jirgi, ga injiniyoyi da hular kwano. Iyaye na ta ɗaukar hoto suna ɗorawa a WhatsApp.

Akwai wata yarinya a ajina da yatsunta ba sa zama shiru. Tebur, murfin kwanon abinci, bayan littafi, duk abin bugawa ne a wurinta, kuma ba shirme take bugawa ba: in aka rera waƙa sau ɗaya ta kama amon ke nan. A ranar nan ta zo a likita. Da na tambaye ta me za ta zama, ta ce likita, amma sai da ta waiga ta dubi fuskar mahaifiyarta kafin ta amsa.

Yaro ya san amsar da ke sa a shafa masa kai a ce Allah ya yi albarka, ya kuma san wadda ke sa a ce "Allah ya kiyaye, kada na sake ji". Tun kafin ya iya ɗaure igiyar takalmi ya koyi ɓoye ta biyun.

Ban ga laifin iyaye gaba ɗaya ba. Wanda ya baro Sakkwato ko Katsina ya zo yana dakon buhun albasa a Mile 12, ko yake sammakon fiɗa a mayankar Oko-Oba don ya biya kuɗin makaranta, ba zai so ya ji ɗansa ya ce makaɗi zai zama ba. So yake ɗan ya huta da wahalar da shi ya sha. Wannan ƙauna ce, na san ta, da ita aka raine ni.

Amma mu dubi inda abin ke ƙarewa. A 2024 kusan mutum miliyan 2 ne suka zauna jarrabawar JAMB, guraben karatun likita kuwa ba su kama ƙafar masu nema ba. Mafi yawan likitocin nan 'yan shekara 6 za su ƙare a shago, a banki, a kasuwar canji, a ɗakin aure, ko a gaban allo irina. Ba abin kunya ba ne, abinci ne na halal. Burin da aka ɗora musu ya faɗi, sun haƙura, rayuwa ta ci gaba. Wanda ke can cikin ransu kuwa, wanda ba a taɓa tambayarsu ba, yana nan bai je ko'ina ba.

Tambayoyi biyu ne muka cure wuri ɗaya: da me za ka ci abinci, da kuma me ranka ke so. Mutanen da suka kafa ƙungiyar kiɗa ta MUSON a 1983, wadda cibiyarta ke Onikan, sun raba su. Akintola Williams akanta ne, kuma a lokacin ya haura 60, ya rasu a 2023 yana da shekara 104. Louis Mbanefo lauya ne. Francesca Emanuel babbar ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce. Rasheed Gbadamosi ɗan kasuwa ne masanin tattalin arziki. Ba wanda ya ajiye aikinsa don kiɗa, ba kuma wanda ya binne son kiɗa don yana da aiki. Wannan ne nake so mu koya wa yaranmu, kuma ba za su koya ba in suna ganin ana yi wa iyayensu mata shewa a kai.

"Ai lokaci ya wuce"

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji masu wannan magana, kuma akwai gaskiya a cikinta wadda ba zan ɓoye ba.

Wadda za ta ci abinci da rawar bale a manyan dandamali, tun tana 'yar shekara 8 zuwa 11 take shiga horo na gaske, kusan kullum, shekara da shekaru. Misty Copeland ta Amurka, wadda a 2015 ta zama baƙar mace ta farko da ta kai matsayin ƙoli a ƙungiyar rawar bale ta American Ballet Theatre, tana 13 ta fara, kuma har yau a matsayin wadda ta makara ake ba da labarinta. Yawancin ƙwararrun kafin su kai 40 sun ajiye, gwiwa da idon sawu sun gaji. Saboda haka mai shekara 40 ba za ta zama irinsu ba. Duk malamin da ya ce mata za ta zama, kuɗinta yake so. Wasu burikan haka suke, ƙofarsu na rufewa. Wanda ya so zama hafsan soja, in ya wuce shekarun shiga NDA, sai dai ya yi wa ɗansa fata.

To amma wa ya ce sai an zama ƙwararre ake koyon abu? Magidanta masu furfura da ke buga ƙwallo ranar Lahadi da safe a filayen Agege, akwai wanda ke jiran a kira shi Super Eagles? Ba wanda ke ce musu lokaci ya wuce. Ana cewa suna motsa jini, kuma haka ne.

Ajin manya masu fara koyon bale ba tsalle da juyi a iska ake yi ba. Ana farawa ne a dafe da wani dogon katako ko ƙarfe da aka kafa a jikin bango daidai ƙugu. A koyi tsayuwa biyar ta ƙafa, waɗanda aka tsara tun zamanin Sarki Louis na 14 na Faransa, wanda shi kansa ɗan rawa ne kuma ya kafa makarantar rawa a 1661. A lanƙwasa gwiwa a hankali a miƙe. A zame ƙafa gaba a dawo da ita. A ɗaga dunduniya a sauke, baya a miƙe, kafaɗa a sake, ciki a ɗaure. Wanda bai gwada ba zai ce wasa ne, amma minti goma sun isa gumi ya karyo. Tsayuwar kan yatsu da ake gani a hoto da wani takalmi mai taurin baki ake yin ta, kuma ko yara ba a barinsu su hau sai ƙashin ƙafa ya yi ƙwari, wajen shekara 11 ko 12. Babba na iya daɗewa a aji bai taɓa sa takalmin nan ba, kuma ba abin da ya rage shi da shi. A Ingila, Royal Academy of Dance tana da aji na musamman don waɗanda suka haura 55.

Mu dubi rayuwar matanmu a Idi-Araba ko Agege. Ɗaki ɗaya ko biyu ne a gidan haya, babu faffaɗan tsakar gida irin na Arewa inda ake daka da surfe da jan ruwa a rijiya. Niƙa a inji, ruwa a wurin 'yan garuwa, unguwa a Keke. Mace ta kai 45, gwiwa ta riƙe, ƙiba ta zauna, hawan jini ya leƙo, likita ya ce ta riƙa motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. A ina za ta yi? Ta fita gudu a titin Agege tsakanin danfo da kwata? In aka samu wadda ta gano wani motsin jiki da ranta ke so, wanda ke ƙarfafa ƙafa da baya, yake kuma gyara tsayuwa, addu'a ya kamata a yi mata.

Fiyano ma ya fi sauƙin karewa. Cikakkensa madannai 88 ne, 52 farare, 36 baƙaƙe, amma rukuni ɗaya ne na 12 ke ta maimaita kansa, farare 7 da baƙaƙe 5. Wanda ya gane rukuni ɗaya ya gane sauran. Mai koyon goge ko algaita sai ya yi watanni kafin ya fitar da sautin da kunne zai jure. A fiyano da ka danna sautin ya fito daidai. Wahalarsa tana wajen raba hannu biyu, dama na tafiya da waƙa, hagu na riƙe mata gindi, ido kuma na karanta layuka biyu a lokaci guda. Yaro ya fi babba laushin yatsu da saurin kamawa da kunne, wannan ba musu. Babba kuwa ya san abin da ya zaunar da shi a kujerar: ba turo shi aka yi ba, guminsa ne ya biya, kuma rayuwa ta riga ta koya masa haƙuri. Jarrabawar kiɗa ta ABRSM ta Ingila, mai mataki 8, ba ta da iyakar shekaru, kuma makarantar MUSON tana karɓar manya kamar yadda take karɓar yara.

Mu ne ma ya kamata mu fi kowa sanin cewa babba na koyo. Saurayi ko magidanci ya sauka a Legas daga Kebbi bai san ko "zo" da Yarabanci ba, bayan shekara biyu ka same shi yana ciniki da matan Mushin da harshensu, ya haddace lunguna daga Oshodi zuwa Apapa. Da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a 2022, mutum nawa ne masu 'ya'ya suka koma suka koyi wata sana'a daga tushe? Je Islamiyyar matan aure da yamma ka ga kaka mai jikoki riƙe da allo ko littafi tana bin baƙi da yatsa. Ba daidaita darajar karatun biyu nake yi ba, Allah ya tsare ni, ƙwaƙwalwar nake magana. Mu ne masu cewa gemu ba ya hana ilimi. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da dattijan mata ta gina 'Yan Taru, suka riƙa kai karatu ƙauyuka cikin waƙoƙi. Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya tun 1980. Duk wannan tarihi muna alfahari da shi, sai in abin da babban ke son koyo bai yi mana ba mu tuna da icce da ɗanyensa.

"Ba namu ba ne"

Wasu za su ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Me ya haɗa Bahaushiya da rawar fadar Faransa da kayan kiɗan da wani Ba'italiye, Bartolomeo Cristofori, ya ƙera a Florence wajen 1700?

Abin da ya haɗa mu da ƙwallon dawaki. Turawan mulkin mallaka ne suka kawo ta, kulob ɗinta na Legas tun 1904 yake. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungume ta, ɗansa Usman Nagogo ya shahara a kanta, yau kuma in ana gasa a Ikoyi da yawa cikin sunayen da za ka ji na mutanenmu ne. Ba wanda ke cewa sun bar gida. Ƙwallon ƙafa daga Ingila ta zo, amma ka ga yadda gidajen kallo ke cika a Alaba Rago ranar da Arsenal ke wasa. Atamfar da ke jikinmu ranar sunan nan, asalin ta masu tsadar daga Holan take.

Fiyano kuwa ya daɗe da zama ɗan gida. Tun shekarun 1990 da fiyanon lantarki ake yin kiɗan finafinan Hausa a ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano. Da shi ake waƙar amarya da ango, da shi ake waƙar siyasa, da shi wasu sha'irai ke yin bege. Babu bikin da za a yi a Agege ba a ji shi ba. Abin da bai zama ɗan gida ba shi ne a zauna a koye shi da ka'ida. Da yawa cikin masu buga mana shi da kunne suka koya, suna jingina da kiɗan da injin ya zo da shi. Ban raina ƙoƙarinsu ba, sun gina masana'anta guda da hannunsu. Sai dai ina ganin da za a samu Hausawa masu karanta rubutun kiɗa da rubuta shi, da amon kalangu da na kotso da na ƙwaryar amada sun samu masu adana su a takarda. Akin Euba, haifaffen Legas da ya rasu a 2020, ya yi shekaru yana rubuta kiɗan da ke sa fiyano ya yi magana irin ta gangunan Yarabawa. Wa zai yi mana namu?

Akwai masu cewa, to ta koyi namu mana, ga gurmi ga kuntigi ga rawar koroso. Madalla, ni ma ina so a koya. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: da matar nan ta ce goge za ta koya, shewar da za a yi sai ta ninka. Matsalar ba daga Faransa take ba, daga yadda muke kallon makaɗi take. A wurinmu kiɗa sana'ar gado ce, kuma an haɗa ta da roƙo. Muna son waƙar, muna yin liƙi, amma ba ma son a ce ɗanmu ne. Mamman Shata ba ɗan gado ba ne, haye ya yi, kuma mahaifinsa bai so ba. Daga baya Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, kowa na ce masa Dakta. Muna girmama wanda ya riga ya kai, muna tare wanda zai fara. Mai koyon fiyano a ɗakinta ba roƙo za ta fita ba, ba ta kuma neman liƙin kowa.

Batun cewa aikin 'ya'yan Ikoyi ne, bidiyon nan na 2020 ya amsa shi. Anthony Madu, ɗan shekara 11, yana rawar bale ba takalmi a kan siminti, ruwan sama na zuba. Ba a Lekki aka ɗauka ba, a Ajangbadi ne, can yankin Ojo, kusa da inda 'yan'uwanmu ke sayar da raguna. Daga baya yaron ya samu gurbi a makarantar bale ta Elmhurst da ke Birmingham a Ingila. Kowa ya yi maganar yaron, ni malaminsa ne ya fi tsaya mini. Daniel Ajala bai taso a makarantar bale ba, shi ya koya wa kansa ta hanyar bidiyo a intanet, sannan a 2017 ya buɗe Leap of Dance yana koyar da yaran unguwa kyauta. Da ya saurari masu cewa ya makara, ko masu cewa ba na talaka ba ne, da ba a ji sunan yaron ba.

Maganar addini

Wannan ita ce hujjar da na fi girmamawa, kuma ba zan yi mata riƙon wasa ba.

Mafi yawan malaman da suka gabata, har da mashahurin ra'ayi a mazhabarmu ta Malikiyya, sun hana kayan kiɗa, suka yi sassauci a kan mandiri a wurin aure. Suna da hujjarsu daga hadisi. Akwai kuma waɗanda suka halatta, irin su Ibn Hazm na Andalus, da Yusuf al-Ƙardawi a zamaninmu, bisa sharaɗin kada a haɗa da batsa ko giya ko shagala daga farilla. Ni ba malama ba ce a wannan fage, ba zan yanke hukunci ba. Wadda ta ji zuciyarta ta natsu da ra'ayin hani ta bar kiɗa don Allah, ina ganin girmanta, kuma wannan rubutu ba da ita yake ba. Wadda ke shakka ta je ta tambayi malamin da ta amince da iliminsa.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ari rigar addini a rufe raini da ita. A ɗakin sunan nan ba wadda ta kawo aya ko hadisi. Tsufa aka ambata, da surukai, da Ikoyi. A lokacin kuma lasifika na waje tana ta zuba waƙar fiyano, an yi rawa an yi liƙi. In nasiha ce, an san yadda ake yin ta: a ja mutum gefe, a yi masa magana a hankali, a fara da kai. Shewa a bainar jama'a ba nasiha ba ce.

Sutura da cuɗanya da maza kuwa damuwa ce ta gaske. Matsattsun kayan da ake gani a dandamali ba na matar aure Musulma ba ne a gaban maza, ni ma ba zan sa ba. Sai dai ba dole ba ne. Ana yin ajin mata zalla da malama mace, ƙofa a rufe, da dogon wando sakakke da riga mai hannu. Stephanie Kurlow, 'yar Ostareliya, ta yi suna a 2016 tana da shekara 14 saboda tana rawar bale da hijabinta. Mata su yi rawa a tsakaninsu ba baƙon abu ba ne a gidajenmu, iyayenmu sun kifa ƙwarya a ruwa sun yi amada a cikin gida ba namiji ko ɗaya. Wadda ke ƙyamar sautin fiyano tana iya yin atisayen da ƙidaya kawai, malama na tafa hannu.

Kuɗi da lokaci

A halin da ake ciki, mudun shinkafa na neman gagarar mai albashi, kuɗin haya na tashi duk shekara, wa ke da rarar koyon fiyano? Wannan tambaya ce mai nauyi. Wadda kuɗin makarantar 'ya'yanta bai cika ba, ko ake binta bashi, ta fara da wannan, fiyano zai jira. Ban ce a bar farilla a kama nafila ba.

Amma wadda ta sauke nauyinta fa? Mu lissafa ankon da muke yi a shekara: na kamu daban, na ɗaurin aure daban, na walima daban, ga ɗinki, ga ɗaurin kai, ga gudummawa, kaya kuma a sa sau ɗaya a jefa akwati. Mu lissafa kuɗin data da ke tafiya a kallon TikTok har tsakar dare. Ba wanda ke kiran wannan almubazzaranci, saboda kowa na yi. Kuɗin anko biyu ko uku na iya sayen ƙaramin fiyanon lantarki na hannu, mai madannai 61, a kasuwar Alaba, kuma ya isa shekarun farko. Wasu na aiki da batir in an ɗauke wuta. Ana soka musu abin ji na kunne, maƙwabcin da bango ɗaya ya raba ku ba zai san ana yi ba.

Lokaci ya fi kuɗi wuya a garin nan. Daga Agege zuwa Onikan tafiya ce, ko da jirgin ƙasan da ya fara jigila a 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo, sai ka sake hawa mota ka tsallaka gada, ga goslo. Mai shago ba za ta iya wannan sau uku a mako ba. Abin da zai yiwu shi ne darasi ɗaya a mako, ko malama ta zo gida, ko ta waya, sannan minti 20 kullum bayan an kwantar da yara. Kaɗan kullum ya fi awa uku ranar Lahadi kaɗai, domin yatsu da maimaici suke riƙe abu.

Ga mai niyya, ki sani farkon ba daɗi. Watannin farko tamkar tsintar tsakuwa a shinkafa suke: hawa da sauka a kan madannai, yatsa na huɗu ya ƙi ɗaguwa, hannun hagu ya ƙi jin magana, waƙar da 'yar shekara 7 ke bugawa a guje ke kina tuntuɓe a cikinta. A nan mafi yawa ke ajiyewa, kuma kunya ce ke sa su ajiye fiye da gajiya. Babba ya saba a ce ya iya, ya manta yadda ake zama ɗan koyo. Shi ya sa kalma ɗaya daga miji ko ɗa ko ƙawa ke iya kashe abin ko ta raya shi. Maigida, in matarka ta zo maka da irin wannan magana, tambaye ta tun yaushe take so kafin ka tambaye ta nawa ne. Za ka ji labarin da wataƙila shekara 20 kuna tare ba ka taɓa ji ba.

Ajin mata zalla kuwa ba zai faɗo daga sama ba. Masu koyarwa a Legas inda ɗalibai suke nan suke zuwa, kuma ba su san muna so ba tunda ba mu taɓa nema ba. Mata goma da ke iya riƙe adashi shekara guda ba tare da an ci amana ba suna iya haɗa kuɗi su ɗauki malama ɗaya. Azuzuwan makarantun unguwa a rufe suke ranar Asabar, ana iya neman aron ɗaya. Bayan kujera mai ƙwari na tsayawa a madadin katakon bango. Mai hawan jini ko ciwon gwiwa ta fara ganin likita kafin ta shiga. Abu ɗaya da ba a yin rowa a kansa shi ne daɓen ɗakin: tayil na da santsi, siminti kuma ba ya sassauta wa gwiwar da ta haura 40. A shimfiɗa katako ko tabarmar roba mai kauri, in babu kuma a tsaya a atisayen da ba tsalle a cikinsa har sai an samu.